Na-Sani Ya Killace Furen Teku

Duk layin shagunan nan babu wanda ya taɓa kai ƙarshen magana a gaban Na-Sani. Kana buɗe baki zai tare ka da "na sani," ko da kuwa cewa za ka yi wandonsa ya yage ta baya. Daga nan sunan ya bi shi, har mahaifiyarsa ta haƙura ta koma kiransa da shi. Ya taɓa gyaran fanka, ta koma juyawa da baya tana zuƙe iskar ɗaki. Ya taɓa koyon tuƙi, katangar da ya koya a jikinta har yau da tabo. Amma in ka ji shi yana ba da labari, sai ka rantse shi ya koya wa makanikai riƙe sifana.

Yayansa mai shagon tabarau ne, mutum mai sanyin magana da tsananin tsafta. A tsakiyar shagon akwai wani ƙaton tankin gilashi cike da ruwan gishiri, da duwatsun murjani masu rai, da kifaye kala-kala. Ba ado kaɗai ba ne. Duk wanda aka haɗa wa sabon tabarau, Yaya kan tsayar da shi a gaban tankin ya ce, "Gaya mini abin da kake gani." In mutum ya iya ganin ratsin jikin ƙananan kifin, tabarau ya yi. Babba a tankin wani shuɗin kifi ne mai faɗin tafin hannu, ana ce masa Dattijo. Yaya ya sayo shi tun bai fi farce ba, shekarar da ya buɗe shago, kuma da zarar ya ɗora yatsa a gilashi Dattijo zai taho ya tsaya a wurin. In ka ga gaisuwarsu da safe sai ka ɗauka ɗan fari ne da ubansa.

Shi kuwa Na-Sani abu guda yake nema a duniya, mabuɗin shagon nan. Shekara da shekaru yana shara, yana goge gilasai, yana miƙa wa mutane tabarau, amma da an tashi Yaya zai kulle ya jefa mabuɗi aljihu. Abin yana ci masa rai ƙwarai. Wani abin kuma, sau da yawa Yaya na cewa ya zauna a gwada masa ido, don an sha ganinsa yana gaida ƙyaure a zaton mutum ne, shi ko ya ce idonsa ya fi na shaho.

Ana nan sai tafiya ta kama Yaya, zai je koyon aiki da wani sabon injin gwajin ido, ya yi makonni. Matarsa malamar makaranta ce, ba ta da lokacin zaman shago. Ana gobe tafiyar kuma sai ga wata halitta da ya daɗe da yin odarta ta iso cikin leda, wadda ake ce wa furen teku. A ido fure ne sak, mai yatsu masu laushi ruwan hoda suna rausaya cikin ruwa. Amma dabba ce, da bakinta a tsakiya, tana cin nama, kuma yatsun nan harbi suke yi. Yaya ya saka ta a wani ƙaramin tanki can cikin sito, washegari da zai tafi ya kira ƙaninsa.

"Saurara da kyau," in ji Yaya. "Wannan baƙuwa ce, a killace take. Ita ba lallai ta nuna ciwo ba, amma ruwan da ta zo a ciki da dutsen da take manne da shi suna iya ɗauko ƙwayar cutar da ke kashe kifi. Sai ta yi makonni ita kaɗai, ƙwayar ta rasa kifin da za ta kama ta mutu, sannan a..."

"Na sani."

"Ragarta daban, bokitinta daban, tiyonta daban. Hannun da ya shiga nan kada ya..."

"Yaya, na sani!"

"Kuma kada ka tsorata in ka ga ta..."

"Haba Yaya, mota za ta tashi ta bar ka. Killacewa kuma har sai an koya mini?"

Yaya ya sa hannu a aljihu. Sannan ya ciro mabuɗin, kamar mai cire haƙori, ya ɗora masa a tafin hannu. "In na dawo na tarar da Dattijo yadda na bar shi, mabuɗin nan ya zama naka. In ba haka ba, kai ma ka sani."

"Na sani," in ji Na-Sani, baki har kunne.

Kafin motar Yaya ta yi nisa, mabuɗi ya hau ƙugu. Da ya ji ba ya ƙara yadda yake so, sai ya tattaro mabuɗan tsofaffin kwaduna da na akwatin da ya ɓace tun yana yaro, ya haɗa su a sarƙa guda, yana tafe suna caccaka. Ya shiga sito ya dubi Baƙuwa, don sunan da ya raɗa mata ke nan, ya girgiza kai. Killacewar da ba a gani, wa zai san an yi ta? Ya kwashe rabin ruwan, ya rungumo ƙaramin tanki yana nishi, ya dire shi a tebur kafaɗa da kafaɗa da babban tanki, tsakiyar shago, inda duk mai wucewa zai gani.

Daga nan aiki ya kankama. Ya karɓo jajayen ƙyallaye wurin Tela, maƙwabciyarsu ta dama, ya ɗaure su suka zama igiya, ya kewaye tankunan biyu da tazarar da ko mai dogon wuya ba zai leƙa ba. Ya ajiye baho cike da ruwan magani a bakin ƙofa. Ya saka farar rigar aikin Yaya, wadda ta kai masa har ƙwauri, ya naɗe hannuwanta, ya ɗaura takunkumi.

Mai aski, maƙwabcinsu na hagu, shi ya fara faɗawa hannu. Ya leƙo neman canji.

"Tsaya nan! Tsoma ƙafa."

"A me?"

"A baho. Nan yanki ne na killacewa."

"Wa ya kamu?"

"Babu wanda ya kamu, kuma babu wanda zai kamu muddin ina numfashi."

Mai aski ya tsoma ƙafa yana dariya, ƙaurin maganin ya hau masa hanci, ya saki atishawa. Shi ke nan. Na-Sani ya bi shi da tsintsiya har bakin titi, ya sanar da duk layin cewa an haramta wa mai aski shiga sai abin da hali ya yi.

Tela kuwa mace ce mai baki kamar almakashinta. Ta tsoma ƙafa ba gardama, ta tsaya bayan igiya ta harɗe hannu tana kallo. Na-Sani ya ɗauki 'yar raga ya tsamo datti daga tankin Baƙuwa, ya kaɗe ta, ya juya ya tsoma ta a tankin Dattijo.

"Malam likita," in ji ta, "ba ragar da ka fitar daga can ba ce?"

"Ita ce."

"To ita ba ta tsoma ƙafa?"

"Ragar a hannun wa take?"

"A hannunka."

"To ni ne mai killacewar. Cuta ta san hukuma."

Tela ta ce Allah ya ƙara wa hukuma lafiya, ta fita tana matse bakin zaninta da ya jiƙe.

Washegari da safe Na-Sani ya buɗe shago, ya yi turus. Jiya ya bar Baƙuwa a kan dutsenta, tsakiyar tanki. Yau ga ta manne a jikin gilashi, can kusurwa. Fure dai ba ya tashi da kansa, wannan ko jariri ya sani. Wato wani ya shigo ya taɓa ta, ya karya dokar killacewa, a shagon da mabuɗinsa ke ƙugunsa. Ya fita a fusace ya tsaya ƙofar mai aski, wanda ke tsakiyar yi wa wani gyaran gemu.

"Ara mini hoda."

"Ta me?"

"Ta kama mai laifi."

"Wa kake zargi?"

"Kai."

"To riƙe, ka dawo mini da gwangwanin."

Da aka tashi da yamma ya barbaɗe daɓen shagon da hoda tun daga tanki har ƙofa, yana ja da baya, ya kulle. Da safe ya buɗe, ya ruga wurin tanki, ya tarar Baƙuwa ta haye sama kusa da bakin ruwa. Ya juyo ya ga sawu a hoda, raɗau, daga ƙofa har tanki. Ya fita yana kururuwa ya tara mutane, har mai askin ma aka ɗage masa doka don ya zo ya ga asirinsa ya tonu.

"Ga shi nan! Sawun namiji ne. Dubi dunduniyar hagu, ta cinye ta gefe guda. Mutum ne mai tafiyar agwagwa, marar tarbiyya."

Mai aski ya sunkuya ya duba, ya ɗago. "Ɗaga ƙafarka ta hagu."

Na-Sani ya ɗaga. Dunduniyar ta cinye ta gefe guda, fara fat da hoda. Shago ya ɗauki dariya. Shi ko ko gezau, ya dubi takalmin ya jinjina kai.

"Kun ga irin mutanen da nake fama da su? Har takalmina suka kwaikwaya."

Tela ba ta cikin masu dariya, ta ƙura wa ƙaramin tanki ido daga bayan igiya. Can ta ce, "Kai, wannan abar tafiya take yi."

"Fure ne yake tafiya?"

"Ga gindinta nan yana jan jiki kamar dodon koɗi. Tun da muka shigo ta matsa."

Kowa ya zuba ido, sai ga Baƙuwa tana sulalewa a hankali, ba ruwanta da kowa. Na-Sani ya matse ido, bai ga komai ba sai wani abu ruwan hoda dishi-dishi, amma ya ga fuskokin mutane.

"Na sani," in ji shi. "Gwada ku nake yi, in ga wa ke lura."

Ya ce kuma tunda tafiya take yi ba izini, yanzu za ta koma mazauninta. Ya ƙara naɗe hannun riga, ya zura hannu har gwiwa, ya damƙe ta kamar mai tsinko alayyafo. Baƙuwa ta tattaro yatsunta duka ta rungume masa hannu. Da farko ya yi murmushi ya ce ta san mai kula da ita. Sai murmushin ya tsaya. Sai ya daka tsalle, mabuɗai na caccaka, yana kiran mahaifiyarsa da sunan da tun yana yaro bai kira ta da shi ba. Hannu na ci da wuta, ya waiga neman ruwa, mafi kusa kuwa shi ne babban tanki. Ya luma hannun ciki har kafaɗa, ya lumshe ido yana sauke ajiyar zuciya, Dattijo ya tsere bayan dutse.

"Hukuma ta tsoma hannu," in ji Tela.

Hannu ya kumbura ya yi jajayen layuka kamar an zane shi da bulala. Na-Sani ya naɗe shi da bandeji, ya riƙa gaya wa masu zuwa karɓar tabarau cewa raunin aiki ne, kuma ba kowa Baƙuwa ke harbi ba, sai wanda ta ga ya isa.

Ita kuwa Baƙuwa, tun daga damƙar nan ta yi fushi. Ta saki ruwan jikinta ta yamutse, ta koma kamar tsohuwar safa da aka manta a baho. Ya miƙa mata yankan jatan lande, ta tofar. Ya haska mata tocila, ta ƙara shigewa. Nan fa Na-Sani ya tsorata, don in ta mutu a hannunsa, da wane baki zai yi bayani? Ya zauna ya yi tunani, abin da bai saba ba, kuma gara ma da bai yi ba. Ya gano cewa kewa ce ke damun ta. Tana hango 'yan'uwanta ta gilashi suna shan ruwa mai yawa, ita an bar ta a ɗan kwano. Yaya kuma cewa ya yi a killace Baƙuwa. Bai ce a killace ruwa ba.

Ya samo ɗan famfo a sito ya sa yana tura ruwa daga babban tanki zuwa ƙarami. Ƙaramin ya cika ya fara malala a tebur, sai ya ga ashe dole ruwan ya sami hanyar komawa. Ya nemo wani tiyo mai kaurin damtse, ya tsoma baki ɗaya a tankin Baƙuwa, ya kafa nasa bakin a ɗaya ɓangaren ya zuƙa don ruwa ya taso. Ruwa ya taso da zuciya ɗaya. Sai da ya haɗiyi abin da ya haɗiya na ruwan gishiri, ido ya yi ja, sannan ya cusa tiyon a babban tanki. Ruwa ya shiga zagayawa, ya je ya dawo. Ya rufe tiyon da wani yadi mai furanni don shago ya yi kyan gani, ya ja da baya yana tari yana yaba wa kansa.

Ranar ce matar Yaya ta biyo daga makaranta. Ita ma sai da ta tsoma ƙafa, ita ma bayan igiya aka tsayar da ita.

"Ƙaramin miji, shagon mijina ne fa."

"Anti, doka ba ta san aure ba."

"Me ya sami hannunka?"

"Sirrin aiki."

"Wancan shuɗin me ya sa yake goga jiki a dutse haka?"

"Motsa jiki yake yi. Ni na koya masa."

Ta kira Yaya a waya ta miƙa masa. Muryar Yaya ta fito can nesa, yana tambaya ko Baƙuwa na nan a keɓe.

"Yaya, killacewar da nake yi ko asibiti ba a yin irinta. Tambayi Anti, ƙafarta a jiƙe take."

"Ƙafarta kuma? Me ya haɗa..."

"Na sani, na sani. Ka yi karatunka kawai." Ya kashe wayar.

Abin haushi, Baƙuwa ta farfaɗo. Ko sabon ruwan ne, ko don ya daina taɓa ta ne, oho. Ta buɗe yatsu ta ci abinci. Sai dai wata safiya ya tarar ta rage girma, kusan rabin yadda take. Wani zai tsaya ya tambayi ina sauran. Na-Sani fita ya yi ya gaya wa layi cewa tsarin abincin da ya ɗora ta a kai ya fara aiki, ta zubar da teɓa, kuma duk mai son ragewa ya zo a rubuta masa. Mai aski ya ce shi dai ya fi son teɓarsa da hannunsa lafiya.

Ranar da Yaya zai dawo, Na-Sani ya shirya taron sallamar Baƙuwa daga killacewa. Ya aro kujeru, ya sayo lemo, ya gayyaci layi kaf, ya yi wa mai aski afuwa a bainar jama'a. Tsarin shi ne Yaya na shigowa a miƙa masa almakashin Tela ya yanke jar igiya, a ɗauki Baƙuwa a saka a babban tanki, a tafa, sannan a yi maganar mabuɗi a gaban shaidu. Kowa ya tsoma ƙafa ya zauna bayan igiya. Na-Sani ya tsaya a gaban tankunan cikin farar riga, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, tun ranar da aka damƙa mini amanar nan, ko ƙuda bai tsallake igiyar nan ba. An zage ni, an yi mini dariya, an kwaikwayi takalmina. Amma yau ga Baƙuwa can, ga Dattijo nan, tsakaninsu..."

"Ina mai ba da tabarau?"

Iya ce, mahaifiyar Tela, tsohuwa mai sanda wadda ido ya daɗe da yi mata hazo. Yaya ya haɗa mata tabarau kafin ya tafi, sai yau ta sami zuwa. Ta tsallake baho ba ta ma san da shi ba. Na-Sani ya ɗauko tabaran da sauri ya miƙa mata don ta zauna a ci gaba da jawabi, amma Iya ta ɗage igiya da sanda ta shige.

"Iya, ba a shiga nan!"

"Wa ya yi shanya a tsakiyar shago? Matsa, ɗan nan. Yayanka a gaban kifi yake gwada mutum."

Ba wanda ya isa ya ja tsohuwa. Ta kafa tabarau a hanci, ta matsa har numfashinta na taɓa gilashi. Fuskarta ta washe.

"Kai! Allah ya yi wa yayanka albarka. Rabon da in ga duniya haka tun ina da haƙora. Har gishirin da kuka barbaɗa wa shuɗin kifin nan nake gani."

"Wane gishiri, Iya?"

"Ga shi nan fari-fari, ɗigo-ɗigo, tun daga jela har ido. 'Yan ƙananan ma an barbaɗa musu. Soya su za ku yi?"

Kujeru suka fara motsi. Na-Sani ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ya ce kwalliyarsu ce haka.

"Furannin ma sun yi kyau," in ji Iya. "Ɗaya a ƙaramin, ɗaya a babban."

"Fure ɗaya ne, Iya. Tabaran ne ya yi miki ƙarfi, biyu-biyu kike gani."

"In biyu-biyu take gani," in ji Tela, "me ya sa kai ɗaya take ganin ka?"

"Shi ɗayan ma ya isa," in ji Iya.

Nan take jama'a suka yi wa igiya rubdugu, wasu ta sama wasu ta ƙasa. Ga ta nan kuwa, a babban tanki, daram a kan dutsen murjanin da ya fi kowanne kyau, ta baje yatsu ruwan hoda tana rausaya kamar gidan ubanta. Murjanin da ke gefenta har ya fara fari inda ta harbe shi. Mai aski ya dubi wannan tanki, ya dubi wancan, ya riƙe ciki.

"Ga teɓar da ta zubar can! Ashe ba ta yi nisa ba."

Cikin wannan hayaniya ba wanda ya ji sallamar Yaya. Yana tsaye a ƙofa da jaka a kafaɗa, matarsa a bayansa. Na-Sani ya hango shi, baki ya riga hankali.

"Yaya, tsoma ƙafa."

Yaya ya tsallake baho. Mutane suka dare masa. Ya dubi ƙaramin tankin da ya bari a sito, ya dubi hannu mai bandeji, ya dubi raga guda da ke rataye tsakanin tankuna biyu. Ya kama yadin nan mai furanni ya yaye. Ga tiyo kwance, ƙato, ruwa na bi ta cikinsa yana 'yar ƙara.

"In ta wahala takan rabe biyu," in ji shi a hankali. "Rabi ya zauna, rabi ya bi hanya. Kai kuma ka shimfiɗa mata titi."

"Yaya, ita ka ce a killace, ai ba ka ce ruwa..."

Yaya bai saurare shi ba. Ya sunkuya ya ɗora yatsa a gilashi, inda ya saba. Dattijo yana can kusurwa ya jingina da dutse, yana buɗe baki yana rufewa da sauri. Yaya ya ƙwanƙwasa a hankali. Kifin bai zo ba. Dariyar shagon ta mutu gaba ɗaya, har mai aski ya sunkuyar da kai.

Yaya ya miƙe ya zaro wani tabarau daga kan allo, ya kafa wa ƙaninsa a hanci, ya juya shi ya fuskanci tanki.

"Gaya mini abin da kake gani."

Duniya ta washe wa Na-Sani tangaran, kuma bai ji daɗin ta ba. Ya ga fararen ɗigon nan, ɗaya-ɗaya, sun rufe shuɗin da yake goge gilashi dominsa kullum. Ya ga idon kifin ya yi hazo. Ya ga fuskar yayansa a jikin gilashi, ya ga ashe ba fushi ne a kanta ba, abin ya fi fushi muni. Kunya ta kama shi tun daga wuya har tafin ƙafa.

"Ka san abin da ka yi?"

Bakinsa ya buɗe don kansa, kamar kullum. Duk shagon aka zuba masa ido ana jira. Bakin ya rufe.

Yaya ya miƙa hannu. Na-Sani ya kwance sarƙa, ya shiga laluben mabuɗin gaske cikin tarkacen na kwaduna da na akwati, sai da Tela ta nuna masa shi da baki. Yaya ya karɓa ya jefa aljihu, ya karɓe farar rigarsa. Ya fizge tiyo, ya ce wa matarsa ta ɗauko bokiti da raga sabuwa daga sito, za a kwashe kifin a yi musu magani. Sannan ya kwance jar igiya daga inda take, ya tura ƙaninsa waje a hankali har bakin titi, ya ɗaure igiyar a ƙofa daga wannan ƙarfe zuwa wancan.

"Sai yaushe, Yaya?"

"In Dattijo ya rayu, ka riƙa gaishe shi ta taga. In bai rayu ba, tagar ma kada in gan ka."

Taro ya watse, kowa da lemonsa a hannu. Na-Sani ya zauna a bencin mai aski, ba farar riga, tabarau a hanci, yana hango yayansa ta gilashi yana bin shuɗin kifi da raga a hankali. Mai aski ya zo ya zauna kusa da shi.

Can Na-Sani ya nisa, ya nuna jar igiyar da haɓa.

"Ka dai ga tsarina yana aiki. Ko ni bai bari na shiga ba."

Ya kai hannu ƙugu ya kaɗa sarƙar. Ta yi ƙara sosai, amma babu ko ɗaya a cikinta da ke buɗe wani abu.